Kafintan da Yake Raba Gicciye

A layin da masu walda da masu facin taya suka cika da ƙara, akwai wani shagon kafinta mai ƙofa biyu. Ta gaba ake fitar da kujeru da gadaje da kabad. Ta baya kuwa, wadda ke kallon kwata, ta nan akwatin gawa yake fita, don kada amarya ta zo zaɓen gado ta yi karo da inda za ta ƙare. Mai shagon dattijo ne a cocin unguwar, kuma an daɗe da mance sunansa na gaskiya. Sai-Ƙarshe ake ce masa. Ko gaisuwa ka yi masa ka ce, "Baba, mun gode Allah da ceto," sai ya ɗago daga kan katako, ya zare fensir daga bayan kunne ya nuna ka da shi, ya ce, "Kada ka yi saurin godiya. Sai an ga ƙarshe."

Hannu kam yana da shi, ko maƙiyinsa ba zai ce a'a ba. In ya haɗa maka kujera, jikokinka ma za su zauna a kanta. A wurin kawunsa ya koyi sana'ar, tun yana sharar garin katako har ya kai ga riƙe zarto. A shekarun nan ne wani mai wa'azi ya kafa lasifika a bakin kasuwa, ya kwatanta wutar jahannama har mata suka riƙa sharce gumi. Saurayin kafinta ya fito gaba, ya ba da ransa ga Yesu. Tsoron da ya shige shi a ranar bai sake fita ba. Sai dai da ya girma ya gano cewa tsoro yana yin sauƙi in kana ɗiba kana zuba wa wasu, sai ya mai da wannan sana'arsa ta biyu.

Matarsa tela ce, Maman Dogo ake kiran ta, da laƙabin ɗansu na fari. Kekenta na ɗinki yana ɗakin da ke manne da bayan shago. Duk akwatin da mijin ya haɗa, ita take yi masa shimfiɗar ciki: farin yadi mai tattara, da ɗan matashin kai, da wani yadin da take lulluɓe cikin murfi da shi don kada mamaci ya kwanta yana fuskantar tsurar katako. Ta aure shi tana murnar ta sami mai tsoron Allah. Zaman aure ya koya mata cewa mai tsoron Allah daban, mai tsorata mutane da Allah daban, kuma na biyun take dafa wa abinci.

Zancen gicciye da alheri ya fara. Wata tsohuwa ce ta rasu, wadda ta ƙare rayuwarta tana share coci, sai ya ga ya kamata ya yi mata wani abu. Ya sassaƙa gicciye a kan murfin akwatinta, a ƙasa ya zana da bakin ƙarfe: Ta yi barci cikin Ubangiji. Aikin ya yi kyau, mutane suka yaba, daga nan duk wanda ya mutu a cocin sai an yi masa. Ana nan sai makaniken layin ya mutu. Wannan makanike da can mawaƙi ne a coci, daga baya kwalbar giya ta ja shi, ya zama ba a ganin ƙeyarsa sai a bencin baya ranar ɗaurin aure ko jana'iza. Da aka fito da akwatinsa, murfi sumul, ko ƙarzane babu. Matarsa ta zaci mantuwa ce, ta durƙusa a ƙofar baya ta ce, "Baba, ba a sa gicciyen ba."

"Ba mantawa na yi ba," in ji Sai-Ƙarshe, yana goge hannu da tsumma. "Hannuna ba zai yi wa Allah ƙarya a kan katako ba. Mijinki ya fara da kyau, amma ina ya ƙare? Littafi Mai Tsarki ya gaya mana abin da ake yi da reshen da ya daina ba da 'ya'ya. Ni ban sare shi ba, shi ya sare kansa."

Maman Dogo tana jin su ta taga, allura a baki. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Abin da ta iya yi kawai, ta ƙara wa matashin makanike auduga.

Kada a ɗauka mutanen cocin sun ji haushi. Ina! Daɗi suka ji. Jana'iza ta koma kamar ranar fitowar sakamakon jarrabawa. Da an sauke akwati a ƙofar coci sai ka ga wuyoyi sun miƙe, masu kuka su ɗan tsagaita su leƙa ta gefen hankici, su ga an ci ko an faɗi, sannan su ci gaba da kukan. Tsofaffin da suka fara jin ƙafa na sanyi suka ƙara wa gaisuwarsa tsawo, har da tambayar lafiyar zarto. Babu wanda ya taɓa tambayarsa wa ya naɗa shi mai gadin ƙofar sama. Akwai wani kafintan mai yin akwati a wancan gefen gari, amma kai masa aiki daidai yake da amsa laifi. In ba ka tsoron murfin Sai-Ƙarshe, me ya kai ka can?

Mutum ɗaya ne yake ja da shi, Mai Kemis na bakin titi, wani mai tumbi da taushin murya, wanda ke zuwa nazarin Littafi na tsakiyar mako yana ƙamshin man zafi. Shi a wurinsa wanda ya sami ceto ya samu ke nan, har abada. Da an buɗe taro sai su kama, kowa da yatsa a tsakanin shafi.

"Dattijo, ka yi haƙuri," Mai Kemis zai fara, yana murmushi irin na mai ba da magani mai ɗaci. "Yesu Makiyayi da bakinsa ya ce babu mai ƙwace tumakinsa daga hannunsa. Babu fa! Ko kai ne za ka ƙwace?"

"Ba mai ƙwace ta, na yarda. To in tunkiyar ta yi tsalle da ƙafarta fa?"

"Ita tunkiyar ta fi hannun ƙarfi ne? Ceto kyauta ce, Dattijo, ba aro ba. An riga an buga mana hatimi."

"An kuma yi zancen waɗanda suka ɗanɗana, suka gane, suka juya baya. Wannan shafin ɓera ya cinye a naka Littafin?"

"Kai kuma inda aka ce wanda ya fara aikin nan a cikinmu shi zai kammala, gara ta ci a naka?"

Haka za su yi ta jifan juna da ayoyi har mata su fara hamma. Faston cocin, yaro ne kan su biyun, da taye da agogo, sai ya duba agogon ya ce, "'Yan'uwa, duka biyun suna cikin Littafi. Mu rufe da addu'a." Bai taɓa cewa ga mai gaskiya ba, domin ɗaya ya haɗa masa bagaden coci, ɗayan kuma shi yake ba matarsa maganin hawan jini.

Maman Dogo tana zaune a bencin mata tana kallon su, ta san kowannensu ciki da bai. Mai Kemis yana son ceton da ba ya ɓacewa domin yana da abubuwan da ba ya so a tona, irin yadda yake daɗewa yana riƙe da hannun 'yan matan da ciwon kai kawai ya kawo su. Mijinta kuwa yana son ceton da ke ɓacewa, domin in ba ya ɓacewa, wa zai durƙusa masa a ƙofar baya? Ita ma tana karanta Littafinta. Ta ga ayoyin wannan, ta ga na wancan, wasu su sanyaya mata rai, wasu su tsorata ta, kuma ba ta jin kunyar cewa ba ta san yadda suke haɗuwa ba. Abin da ta sani shi ne ba ta taɓa yi wa wani akwati shimfiɗar da ta gaza ta wani ba.

Sai Dogo. Tun yana ƙarami ƙafafunsa suke riga wandonsa girma, uwar ta yi ta sauke masa kalmasa. Uban ya so ya gaje shi, amma yaron bai taɓa son ƙamshin katako ba, inji yake so. Da ya zama saurayi shi da kansa ya nemi baftisma, ba wanda ya tura shi. Uwar tana tuna yadda ya fito daga ruwa yana kyarma yana dariya, rigar ta manne masa a haƙarƙari. Shi yake kaɗa ganga a coci, in ya kama har dattawan da suka ce rawa ba ta dace ba sai a ga yatsun ƙafarsu na motsi a cikin takalmi.

Daga baya ya zama direban babbar mota, mai doguwar hanya. Lahadi ta riƙa samun sa a inda ba shi da coci sai tasha. Wata rana ya dawo, uban ya ji warin giya a bakinsa. Wani uban da ya ja ɗansa ɗaki ya rufe ƙofa. Sai-Ƙarshe kuwa gaban dattawa ya kai shi, shi da bakinsa ya kawo shawarar a hana shi cin jibin Ubangiji, aka kuma sanar a gaban taro. Maman Dogo ta kalli fuskar mijinta a ranar, ta nemi baƙin ciki ba ta gani ba. Abin da ta gani mutum ne da ke jin daɗin a ce ba ya son kai. Dogo ya tsaya zanƙalƙal ya saurara har aka gama, ya ce, "Na ji, Baba," ya fita. Bai sake taka cocin ba.

Gida ma sai ya daidaici lokacin da uban ya tafi sayen katako, ya shigo ya zauna a ƙasa kusa da keken ɗinki, ya miƙe ƙafafun nan har bakin ƙofa. Sau ɗaya ta yi ƙarfin hali ta tambaye shi, "Dogo, har yanzu kana addu'a kuwa?"

Ya yi dariya. "Mama, wanda ke gangara tudu da kaya cike, birki na wari, ai ba sai an tuna masa ba."

Iyakar abin da ta samu daga bakinsa ke nan. Ta riƙe shi, tana juya shi a ranta, wata rana ya ishe ta, wata rana bai isa ba.

Abokin tafiyarsa ne ya kawo labarin, da rana tsaka. Taya ta fashe musu, Dogo ya shiga ƙarƙashin mota, jak ɗin da ya ɗaga ta ya zame, motar ta danne shi. Maman Dogo ta zube a nan inda take tsaye. Tana ƙasa tana jin muryar mijinta, kuma tambayarsa ta farko ba ina gawar take ba ce.

"Ya ce wani abu kafin ya cika? Ya kira sunan Ubangiji?"

"Ko uffan, Baba. Nan take ne."

Sai-Ƙarshe ya gyaɗa kai, ya shige shago. Bai nemi a auno masa gawar ba, tsawon ɗansa yana kansa.

Kafin la'asar tsakar gida ta cika da masu ta'aziyya. Ana waƙa ana kuka, amma Maman Dogo ba yarinya ba ce, tana ganin yadda idanu ke zamewa zuwa bangon shago duk lokacin da zarto ya yi ƙara. Ba ɗanta ya tara su ba, murfi suka zo jira. Ta tashi ta tsallake ƙafafunsu ta shiga wurin mijinta. Yana gogar wani dogon katako, mafi kyau a cikin abin da ya ajiye.

"Baban Dogo, za ka sa masa."

Bai ɗago ba. "Kin san abin da Littafi ya ce."

"Na san abin da kai kake cewa. An yi masa baftisma a gabanka. Kai ka riƙe masa tawul."

"Ya fara da kyau."

"Ɗanka ne."

"A gaban gaskiya ba ni da ɗa," in ji shi, da irin muryar da yake addu'a da ita in ya san ana saurare, ko da yake daga shi sai ita a shagon.

Ta tsaya ta kalli ƙeyarsa. Shekarun da suka yi tare ba ta taɓa raina shi kamar a wannan tsayuwar ba. Ta ɗauki mayafinta ta fita ta ƙofar baya, ta nufi kemis. In akwai mutum ɗaya a duniya da zai ce mata ɗanta yana hannun Allah, ai wanda ya shekara yana shelar haka ne.

Mai Kemis ya fito daga bayan kanta, ya ba ta kujera, ya yi fuskar tausayi. Ta ce, "Kai kake cewa ba a ƙwace tunkiya. Ka zo ka gaya wa mijina."

"Haka ne, Mama, haka ne. In dai ya sami ceto da gaske, to yana hannun Ubangiji."

"In dai?"

Ya sosa wuya. "To, kin gane, akwai waɗanda suke fita daga cikinmu domin dama can ba namu ba ne. Wanda ya samu da gaske ai ba ya dawwama a waje. Ni dai ban ce Dogo ba, Allah ya kiyaye. Amma tun da bai dawo ba, to, sai a yi ta addu'a."

Ashe nan ya ɓoye ƙofarsa ta baya. Mijinta ya ce ɗanta ya riƙe ya zubar, wannan kuma ya ce wataƙila bai taɓa riƙewa ba. Shekara da shekaru su biyun suna cika wa mutane kunne kamar masu gaba, ashe in aka zo kan Dogo rami ɗaya suke kai shi. Na mijinta ma ya fi sauƙi, shi aƙalla ya yarda yaron da ya fito daga ruwa yana dariya ba wasan kwaikwayo yake yi ba. Mai Kemis ya miƙo mata ƙwayoyi a 'yar takarda, wai za su taimaka mata ta huta. Ta bar masa su a kan kanta.

Fasto ta same shi a ofis yana rubuta wa'azin jana'iza, ya riga ya soke layi ya fi wanda ya bari. Ya ce, "Mama, Allah ne kaɗai ya san zuciyar mutum."

"To madalla. In Allah ne kaɗai, tashi mu je ka gaya wa dattijonka ba shi ne na biyu ba."

Fasto ya kalli takalminsa. "Kin san halin Baba. Wannan maganar tana da fuska biyu, masana ma sun daɗe suna..."

Ba ta tsaya ta ji abin da masana suka daɗe suna yi ba.

Da ta dawo ta tarar ya rufe shagon gaba da baya. Ta ƙwanƙwasa ta ce ta zo ɗaukar awon shimfiɗa, ya amsa ta cikin ƙofa cewa ta huta, shi zai yi da kansa, ta miƙo masa yadin kawai. Mutumin da ko maɓallin rigarsa bai taɓa ɗinkewa ba. Ta ɗauka kunya ce, ba ya son ta ga murfin babu komai tun kafin lokaci. Ta miƙa masa yadin, ta ajiye na matashi, wannan kam ita ta ɗinka.

Da safe aka kawo gawar daga asibiti, ƙannen uban suka shirya shi, aka kwantar da shi a akwati a ɗakin ɗinki. Murfin aka ratsa da shi ta tsakar gida, a gaban kowa. Ya sha guga da samfefa, ya sha fenti yana sheƙi, sumul daga sama har ƙasa. Wani irin numfashi ya fita daga taron. Wata mata ta raɗa wa ta kusa da ita, da ƙarfin da kowa zai ji, "Kai, Baba mutum ne! Ko ɗan cikinsa bai ɗaga wa ƙafa ba." Sai-Ƙarshe yana biye da murfin, idanunsa jajur, amma ƙirjin a buɗe, yana karɓar yabon yana yi kamar bai ji ba.

Aka ce uwa ta shiga ta yi masa kallon ƙarshe. Samarin da za su ɗauki akwati suka tsaya a bakin ƙofa. Ta gyara wa Dogo matashi, ta shafa goshinsa, ta daɗe a kansa. Da ta ɗago sai idonta ya faɗa kan murfin da ke jingine a bango, cikinsa na kallon ɗaki. Yadin a karkace, an ɗaure shi da ƙananan ƙusoshi, ya yi ciki a tsakiya kamar buhun da aka zazzage, gefe ɗaya zare na reto. Ta yi wa makanike aiki mai kyau, ta yi wa baƙin da ba ta san su ba.

"Ɗana ba zai kwanta ƙarƙashin wannan tsumman ba," ta ce, ta miƙa hannu.

"Bar shi!" Mijin ya yi wuf ya tare ta. "Lokaci ya ƙure, Fasto na jira. Wa zai gani?"

"Shi zai gani."

Ta kama bakin yadin ta fizga. Ƙusoshin suka yi tsalle, yadin ya zo a hannunta.

Gicciye ne a cikin murfin. Bai taɓa sassaƙa irinsa ba, ko na tsohuwa mai shara bai kama ƙafarsa ba. Mai zurfi, gefensa a goge, an bi kowane lungu da haƙuri. A ƙasa, da haruffan da ta san hannun mai su: Ya yi barci cikin Ubangiji. Ya yi shi a inda zai fuskanci Dogo, ya lulluɓe da yadi, ya goge wajen sumul don masu leƙe.

Samarin bakin ƙofa sun gani, na gaba ya riga ya juya yana raɗa wa na baya. Sai-Ƙarshe ya yi tsuru-tsuru, hannayensa na neman inda za su shiga.

Abin da ya fara zo mata sanyi ne, domin ashe yana da ɗa. Sanyin bai daɗe ba wani zafi ya taso ya cinye shi.

"Ashe ka yarda," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. "Ka yarda yana iya kasancewa a hannun Allah."

"Ban sani ba, Maman Dogo." Muryar addu'ar ta tafi, wata ce ƙarama ta fito. "Na buɗe nan na ga ya tsira, na buɗe can na ga ya hallaka. Ban sani ba. Na ce in yi a ciki, in Allah ya karɓa, to. In bai karɓa ba..."

"In bai karɓa ba, sunanka bai ɓaci ba. Kai da hannunka ba ya yi wa Allah ƙarya. Yau wanne ne ƙaryar, na ciki ko na waje? Ba ka sani ba, amma ka sani a kan 'ya'yan wasu. Shekara da shekaru ina zaton Allah kake tsoro, ina cewa a yi maka uzuri. Ashe mutanen tsakar gidan nan kake tsoro. Ka bar ni na bi titi ina roƙon mai kemis, ka bar mata suna yaba maka a kan gawar ɗana, alhali ga abin da ka yi."

Ta juya wurin samarin. "Ku zo ku ɗora. A kife."

Suka kalli dattijo, suka kalle ta, suka shigo. Ta shimfiɗa yadin a kan Dogo da hannunta, ta gyara tattarar, ta soke gefe da gefe yadda ya kamata. Suka ɗora murfin, fuskar mai sheƙi ta koma ciki, gicciyen ya kalli sama. Bai zauna daidai ba, domin ba don haka aka yi shi ba. Ɗanyen katako ne babu fenti, ga layin fensir, ga ramukan ƙusoshin da suka fita, ga bakin da ya kamata ya shige ciki ya tsaya a sama. Duk wanda ya gani zai san a ina aka so a bar gicciyen nan, zai kuma san wa ya so haka.

"Zai zame a hanya," in ji Sai-Ƙarshe a hankali. "Sai an buga ƙusa."

"To ka buga. Kai ne kafinta."

A waje waƙar ta tsaya, ana jin motsin mutane suna matsowa bakin ƙofa. Ya ɗauko guduma, ya tsaya da ita a hannu yana kallon ƙofar.

"Me zan ce wa mutane?"

"Ka ce musu ɗanka ne."

Ya kafa ƙusa a kusurwar da ke wajen kan Dogo, ya ɗaga guduma. Ya buga, ƙusar ta lanƙwashe. Ta ɗebo wata daga gwangwani ta miƙa masa.